Maikuɗi Mai Yankan Akuyar Nowel

A gyara tsayuwa, a kawar da jakkai daga hanya, mai hula ya daidaita hularsa. Ga shi nan tafe: Maikuɗi ɗan Barmo, sarkin wuƙa na Tudun Marke da kewaye, alƙalin awaki, dodon zakaru, mutumin da in ya gifta ta bakin garke bunsuru ke sunkuyar da kai kamar bai gan shi ba. Shekara saba'in ba ɗaya ko biyu, haƙora tara, riga biyu, wuƙa ɗaya. Ba a taɓa naɗa shi komai ba. Ko kwamitin famfon ƙauye da aka sa har kurma a ciki, shi ba a tuna da shi ba. Amma in kana son sanin yadda Musulmi da Kirista suka yi shekara arba'in a wannan lungu na karkarar Gidan Sori ba a fasa kan kowa ba, kada ka wahalar da kanka zuwa buro, wato ofishin hukuma. Zo ka ga tsohon nan yana wasa wuƙa a kan dutse.

Ubansa Barmo Anne ne, wato cikin mutanen da suka riƙe gadon kakanni, ba masallaci ba majami'a. Yana da wata tsamiya a bayan gari da yake zuba wa jinin jan zakara kafin shuka. 'Ya'yansa uku ne suka rayu. Babbarsu Baturiya, ita ta tsaya inda uba ya tsaya. Mai bi mata ciwon ƙafa ya kai shi asibitin mishan can wajen Maradi, ya yi wata bakwai, ya dawo da ƙafa lafiyayya, da littafi cikin aljihu, da sabon suna Yahaya. Auta shi ne Maikuɗi. Ya tafi cirani Jibiya, ya yi wa wani Alhaji dako rani uku, ya dawo da buta da tasbaha.

Tsoho Barmo ya dubi mai littafi, ya dubi mai buta. Ya ce shi ba ruwansa da inda kowa zai kai goshinsa, ƙasa dai ɗaya ce. Amma duk ranar da ɗayansu ya ƙi sa hannu a kwanon ɗan'uwansa, to ya nemi wani uban. Bai ƙara magana a kai ba har ya mutu.

Tuwo ba matsala ba ne, tuwo ba shi da addini. Nama ne rigima. A Tudun Marke, tun kafin a san wa'azin rediyo, Musulmi ba ya cin abin da ba Musulmi ne ya yanka ba. Da Nowel ta farko ta zo, wato sallar Kirista ta ƙarshen shekara, Yahaya ya sayi akuya a kasuwar Gidan Rumji, ya ɗaure ta, ya zauna yana kallonta kamar ita za ta ba shi shawara. In ya yanka, ƙanensa ba zai ci ba. Sai ya aika aka kira Maikuɗi. Yahaya ya riƙe ƙafafu, Maikuɗi ya juya ta gabas, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa. Yahaya na tasa addu'ar a zuci. Baturiya na tsaye daga baya tana gunaguni da iskokin ubanta. Ba ni da labarin wata dabba da ta bar duniya da rakiya irin ta wannan akuya.

Abin da aka fara don mutum ɗaya sai ya zama na gari. Ana dafa shinkafa da nama, a zuba a kwanoni, a bi gida-gida. Gida ashirin da uku ake kai wa. Duk ƙofar da kwano ya isa, tambaya ɗaya ce: wa ya yanka? A ce Maikuɗi. A ce to madalla, a wanke hannu. In layya ta zo, kwanonin nan su koma gidan Yahaya da naman rago. Sauran gidajen Kirista biyar na garin su ma suka riƙa kiransa, har ya zama ranar Nowel ya fi fasto yawo. Ladansa wuyan dabba, kamar yadda ake ba kowane mai yanka. A gidan wansa kuwa akwai ƙari: hanta ake fara gasawa, a sa a ƙaramin akushi, su biyu su zauna su cinye kafin kowa ya ɗanɗana komai.

Kada ka zaci faɗa aka yi abin ya lalace. Da faɗa ne da an yi sulhu.

Rilwanu, ɗan Maikuɗi na fari, ya je karatu Maradi shekara shida. Ya dawo yaro mai ladabi, ba ya shan taba, ba ya zagi, ba ya wuce babba bai durƙusa ba. A durƙushen nan ya gaya wa ubansa cewa yankan nasa ba shi da aibi, ranar ce ke da aibi. Biki ne na masu cewa Allah yana da ɗa, wanda ya ci abincin bikin ya taya su murna, wanda ya yanka musu kuwa ya fi taya su. Maikuɗi ya ce shi a saninsa akuya ba ta san kwanan wata ba. Rilwanu bai ja da shi ba. Ya dai tashi ya je ƙaramin masallacin samari ya faɗi abin da ya karanta, kowa kuma yana da salula cike da malamai masu faɗin irin haka da murya mafi ƙarfi.

Sai kwanoni suka fara dawowa a rufe. Babu wanda ya yi rashin kunya. Wannan gida a ce maigida ba ya nan. Wancan a ce yanzu aka ci abinci, a gode. Wani a karɓa a ƙofa, a zagaya ta baya a zuba wa kaji. Daga ashirin da uku aka koma sha huɗu, aka koma bakwai. Bara gida uku suka rage: na tsohon liman na masallacin Juma'a, na wata gwauruwa Batulu, da rugar Jaye, Bafillacen da ke zaune a bakin fadama.

Ta ɗaya gefen ma ba a bar shi ya huta ba. Tala, ɗan Yahaya, yana birni shekarar da aka ƙona majami'u. Da idonsa ya ga bencinan da yake zama a kai suna ci da wuta, cikin masu jifa har da wanda suke shan shayi tare. Ya dawo gida bai cika dariya ba. Shi tambayarsa ita ce: hannunsu najasa ne? Su suna cin naman layya ba su taɓa tambayar wa ya yanka ba, amma nasu sai an ɗauko Musulmi ya wanke shi tukuna, kuma bayan an wanke ɗin a mayar musu da shi. Samarin majami'a suka ga gaskiyarsa. Gidajen nan biyar suka daina aikowa ɗaya bayan ɗaya. Ya rage Yahaya kaɗai, shi ma idanunsa sun tafi shekara huɗu ke nan, sai kunne da taurin kai.

To kana ganin mutum a tsakanin ɗansa da ɗan wansa, kowanne da hujjarsa a baki, shi kuwa abin da ya iya kawai wasa wuƙa.

Ana saura wata guda Nowel ya ji a rediyo cewa wani furoje, wato shirin wata ƙungiyar agaji, zai yi babban taro a Gidan Rumji, na tattaunawa tsakanin addinai. Manyan malamai za su zo, fastoci za su zo. Maikuɗi ya kwana biyu yana juya abin. Ya ga ai shi ke nan, an zo wurin. Magana ɗaya yake so daga bakin manya: naman nan ya ciwu ko bai ciwu ba. In malamin da ya fi malaman Rilwanu rawani ya ce ya ciwu, ya dawo da maganar ya aje a gaban masallaci. In babban fasto ya ce kiran Musulmi yanka ba ƙasƙanci ba ne, ya kai wa Tala. Ya sa rigarsa ta biyu, ya hau kabu-kabu.

A ƙofar zauren taron wata yarinya ce zaune da takarda tana duba sunaye. Ba sunansa. Yana shirin juyawa sai ta ɗaga kai ta ƙare wa fuskarsa kallo, tsagen Gobirawa tun daga baki har kunne, ga tsufa, ga layu a damtse. Ta tashi da murna ta kira wani mai kwat. Ashe an tanadi kujera ɗaya ta wakilin addinin gargajiya, wanda aka gayyata bai zo ba, ga shi ana son a ɗauki hoto. Maikuɗi ya ce shi fa Musulmi ne, shekara arba'in da biyar bai sha azumi ba. Mai kwat ya ce ba komai Baba, kujera ce kawai. Aka sa masa farar riga mai hoton tantabara a kan tasa, aka zaunar da shi tsakanin wani shehi da wani fasto. Baturiya, wadda kujerar ta dace da ita, tana can gida tana sussukar gero, ba wanda ya taɓa jin sunanta.

Aka yi jawabi da Faransanci, aka juya da Hausa. Aka yi wani da Hausa, aka juya da Faransanci. Duk 'ya'yan Adamu ne mu. Zaman lafiya ya fi komai. A yi haƙuri da juna. Shehi ya jawo aya, fasto ya jawo aya, aka tafa, suka rungumi juna, mai hoto ya ce su sake don bai ɗauka da kyau ba, suka sake. Maikuɗi ya ga mutanen kirki ne, har zuciyarsa ta yi sanyi. Da aka ce ko akwai mai tambaya, hannunsa ya riga na kowa.

Ya miƙe ya yi sallama. Ya ce: "Allah shi gafarta malamai. Wana Kirista ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ke yanka mishi akuya ranar sallarsu, in juya ta gabas, in yi bisimilla. Ɗana ya ce ba ta ciwuwa. Ɗan wana ya ce raini ne. Ni dai ku gaya mini, a ci ko kada a ci?"

Wasu daga baya suka fashe da dariya. Shehi ya gyara rawani, ya ce wannan mas'ala ce mai tsawo, malamai sun yi saɓani a kanta, ba a yanke ta a tsaye, amma Baba ya same shi a gida wata rana. Bai faɗi inda gidan yake ba. Fasto ya ce su a wurinsu duk abin da aka ci da godiya mai tsarki ne, saboda haka su ba su da matsala ko kaɗan. Mai kwat ya karɓi abin magana ya gode wa Baba da wannan gudummawa, ya ce amma yau an taru ne a kan abin da ya haɗa mu, ba abin da ya raba mu ba. Aka sake tafawa.

Da azahar aka kawo abinci: burodi da sardin, da dafaffen ƙwai bibbiyu. Maikuɗi ya tambayi matar da ke rabawa, ya ce taro kamar wannan, da manya haka, ba ko ɗan tsoka? Ta rage murya ta ce masu furoje ne suka hana. Sun ce kada a kawo nama, don kada wani ya tambayi wa ya yanka. Ya cinye burodinsa, ya sa ƙwan a aljihu, ya nemi kabu-kabun komawa.

Ranar Nowel ya wasa wuƙa bayan sallar asuba, ya jira rana ta ɗan ɗaga saboda sanyi, ya nufi gidan wansa. Tun daga nesa ya hangi fata a shanye a kan danga, jikakkiya.

Tala ne ya tare shi a ƙofa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, kamar yadda ya saba. Hannun rigarsa da jini.

"Baba, bana na hutar da kai."

Maikuɗi ya dubi fatar. An yi fiɗa mai kyau, ba huda ko ɗaya. Ya tambaya ko tsoho ya sani. Tala ya ce bai sani ba, amma in Baba na so ya gaya masa, ga shi can, shi ba zai ɓoye abin da ya yi ba.

Yahaya na zaune kan tabarma a rana, lulluɓe da bargo. Da ya ji takun ƙanensa ya ɗaga fuska yana murmushi. Ya ce, "Auta, yau ka yi sammako. Ban ji shigowarka ba, kukan akuya kawai na ji. Ko gaisuwa babu?"

Maikuɗi ya tsuguna kusa da shi. Ya ce lalle an yi sammako. Ya tambaye shi kwanan jiki, suka yi maganar sanyi da tsadar wake. Wuƙar tana cikin kubenta a ƙugunsa, yana jin ta tana tokare masa haƙarƙari.

Da abinci ya nuna, Binta matar Tala ta zuba kwano uku, don tsohon ya nace sai an kai. Ba wanda ya motsa ya ɗauka. Maikuɗi ya ɗora su a faifai ya fita da kansa.

Ka san tambayar nan ta wa ya yanka ta daɗe da zama gaisuwa kawai. Ba wanda ke jiran amsarta. Tsohon liman yana ganinsa ya fara nannaɗe hannun riga, ya ce, hannunka ne dai ko? Kalma ɗaya ce tsakaninsa da wucewa lafiya, kuma ba mai tona shi. Amma shekara arba'in mutanen nan ba akuya suke ci ba, maganarsa suke ci. Maikuɗi ya ce a'a, Tala ne. Liman ya daɗe yana kallon kwanon. Ya mayar da murfin a hankali, ya ce a gai da Yahaya, Allah ya ba shi lafiya. Batulu ma da ta ji, sai ta ce wayyo, ga shi jikokinta tun jiya suke zancen shinkafar nan. Ta tura su ɗaki don kada su ji ƙamshi.

Rugar Jaye da nisa, sai da ya huta sau biyu. Jaye ya shimfiɗa masa buzu, ya ji bayani, ya buɗe kwanon ya leƙa, ya rufe.

"Maikuɗi, da ka ce kai ne, da na ci. Alhaki na wuyanka."

"Shi ya sa ban ce ba."

Jaye ya sa aka kawo masa nono a ƙwarya. Ya ce shi bai san karatu ba, amma 'ya'yansa yanzu sun sani, kuma suna kallo. Ya raka shi har bakin fadama.

Kwano uku cike ba su komawa gaban makaho, zai ɗaga ya ji nauyi. Sai ya bi da su ɗakin Baturiya a ƙarshen gari. Tsohuwar ta saurare shi tana dariya da dasashi. Ta ce ita shekara hamsin ba wanda ya karɓi ko ruwa daga hannunta in ta dawo daga tsamiya, ba ta mutu ba, shi ma zai saba. Ta juye abincin a tukunyarta, ta ce ya gaya wa mai littafi da mai buta su ci gaba da rigima, ita ta samu na kwana uku.

Yahaya ya karɓi kwanonin ɗaya bayan ɗaya, ya shafa cikinsu da yatsa. Ya tambaya ko sun cinye. Maikuɗi ya ce babu saura. Tsohon ya ce ka gani, har yanzu akwai mutane a garin nan. Sa'an nan ya laluba ƙarƙashin bargonsa ya jawo ƙaramin akushi. Tun safe ya hana kowa taɓa hantar, yana jiran ƙanensa ya gama yawo. Ya gutsura, ya miƙa hannu cikin iska, ɗan nesa da inda Maikuɗi yake.

Tala na tsaye jikin rumbu. Binta ta daina kwashe shinkafa. Ƙofar gida a buɗe take, mutane na wucewa masallaci.

Maikuɗi ya matsa inda hannun yake. Ya karɓa, ya yi bisimilla a fili, ya ci. Yahaya ya gutsuro wata, ya ci. Haka har akushin ya ƙare.

Labari ya riga Maikuɗi isa gida. Rilwanu bai ɗaga murya ba, ya durƙusa ya roƙe shi ya yi istigfari. Sati na zagayowa aka yi suna a maƙwabta, rago na ɗaure, aka kira wani saurayi daga ƙaramin masallaci ya yanka. Aka yi wani sunan, haka. Ba wanda ya ce masa komai, ana gaishe shi kamar kullum, an dai daina aikowa. Su ma na majami'a ba su ce ya kyauta ba, a ganinsu ai abin da ya kamata ya yi ne tun shekara arba'in. Tala ya ce baɗi ba kwanon da zai fita daga gidansu. Yahaya kuwa tari ya kama shi tun ranar, masu zuwa dubiya suna fitowa suna girgiza kai.

Na sami Maikuɗi da hantsi a bakin dangarsa yana feƙe kara da wuƙar, don ita ke nan aikin da ya rage mata. Na share murya na ce, Baba, kai fa ba ka san ko kai wane ne ba. Abin da shehi da fasto da masu kwat suka kasa yi da motoci da tantabara, kai ka yi shi da haƙora tara. Kai ne gadar ƙarshe tsakanin addinai a duk jihar Maradi. Ya kamata a kira ka Yamai a rataya maka lamba, a sa sunanka a littafin lakol, 'yan makaranta su karanta. Na ce ya gaya mini abin da ya ji a ransa lokacin da ya kai lomar nan baki.

Bai ɗaga kai ba.

"Hanta ce. Ba ta ma gasu ba. Matsa, ka tare mini rana."